Marigayi Muddy Waters, Makaɗin Blues

Sunansa na yanka McKinley Morganfield. Ya tashi a hannun kakarsa a gandun auduga na Stovall, kusa da garin Clarksdale cikin Jihar Mississippi ta Amurka, inda baƙar fata ke noma ƙasar mai gandu, a ƙarshen shekara kuwa da wuya su fita bashi. Kakar ce ta laƙaba masa Muddy, saboda yawan wasansa cikin taɓo. Da ya girma sai ya zama direban tarakta, dare ya yi kuma ya ɗauki jitarsa ya yi wa ma'aikata kiɗan blues a gidajen rawa.

Cikin watan Agusta na 1941 Alan Lomax da John Work suka zo gandun da na'urar ɗaukar murya, suna tattara waƙoƙin talakawa domin Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka. Suka ɗauki muryarsa a ɗakinsa. Daga baya aka aiko masa da faifai biyu da dala 20. Ya kai faifan ya sa a akwatin garmaho na gidan rawa, ya yi ta saurarensa babu gajiya, domin a ranar ce ya tabbata cewa muryarsa ba ta kasa ta waɗanda ake sayar da faya-fayansu ba.

A 1943 ya nemi a ƙara masa lada, aka hana shi, sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Chicago. A can hayaniyar mashaya takan danne sautin jita, don haka ya koma ga mai aiki da lantarki, kuma wannan larura ce ta haifar da salon da aka san Chicago da shi. Faifansa na 1948 ya ƙare a kantuna nan da nan. Kamfanin Chess ya ci riba da shi ƙwarai, amma rabon kuɗin bai yi masa adalci ba, har cikin shekarun 1970 shi da Willie Dixon suka kai ƙarar sashen da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙinsu.

Lokacin da ya je Ingila a 1958, masu kallo sun zaci za su ga baƙauye da jitar katako, sai ƙarar lantarki ta firgita wasunsu. Samarin da ke wurin kuwa abin ya shige su. Ƙungiyar Rolling Stones ma daga waƙarsa ta 1950 ta ari sunanta. Wasan da ya yi a bikin Newport a 1960 an ɗauke shi a faifai, ana jin shewar jama'a a cikinsa.

Cikin Nuwamba 1981 'yan Rolling Stones suka same shi a wata ƙaramar mashaya ta Chicago, suka hau dandali tare da shi. Ya rasu cikin barci ran 30 ga Afrilu 1983 a gidansa na Westmont, Jihar Illinois.