Tarihin Rayuwar Lester Pearson: Shugaban da Ya Riƙe Kanada Ba Tare da Rinjaye Ba

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwar Lester Bowles Pearson, Firayim Ministan Kanada daga 1963 zuwa 1968. Abin da ya sa tarihinsa ya dace da ɗaliban harshe shi ne, rikicin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya rikicin harshe ne. Ya hau mulki lokacin da wasu 'yan lardin Kebek masu magana da Faransanci suka fara neman ɓallewa, kuma har ya sauka jam'iyyarsa ba ta taɓa samun rinjaye a majalisar tarayya ba.

Haihuwa da Ƙuruciyarsa

An haifi Pearson ranar 23 ga Afrilu, 1897, a Newtonbrook cikin lardin Ontario. Mahaifinsa malamin coci ne na ɗarikar Metodis. Ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya yana matashi, inda ya fara da sashen kula da majinyata kafin ya koma koyon tuƙin jirgin sama. Bayan yaƙi ya gama karatu a Jami'ar Toronto, ya ƙaro ilimi a Oxford ta Ingila, sannan ya dawo yana koyar da tarihi. A 1928 ya ajiye alli ya kama aiki a ma'aikatar harkokin waje.

Aikin Jakadanci

Likkafa ta yi ta ci gaba har ya zama jakadan Kanada a Amurka a 1945, kuma ministan harkokin waje a 1948. A 1952 ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Sunansa ya ƙara fita a 1956, lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar saboda mashigin Suwez. Shi ya kawo shawarar a tura rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga tsakani, kuma wannan ne ya jawo masa lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1957.

Mulki Ba Rinjaye

A 1958 ya zama shugaban jam'iyyar Liberal, kuma a zaɓen wannan shekara John Diefenbaker ya kayar da shi mummunan kaye. Sai a 1963 ya kafa gwamnati. A lokacin majalisar wakilai tana da kujeru 265, ke nan ana buƙatar 133 kafin a ce an yi rinjaye, shi kuwa bai kai ba. Ya sake kiran zaɓe a 1965 don ya cike giɓin, sai ya tsaya a 131. A tsarin firayim minista, ranar da majalisa ta janye amincewarta gwamnati ta faɗi. Don haka duk dokar da zai kawo sai ya nemi goyon bayan ƙananan jam'iyyu, musamman NDP ta Tommy Douglas. A Fabrairun 1968 yana hutu a Jamaika majalisa ta kayar da wani ƙudurin haraji, dole ya katse hutun ya dawo ya nemi ƙuri'ar amincewa, kuma ya samu.

Duk da haka a zamaninsa aka kafa tsarin fansho na ƙasa a 1965, aka kuma yi dokar kula da lafiyar jama'a a 1966.

Matsalar Kebek

Tun 1960 Kebek ta farka a ƙarƙashin Jean Lesage. Masu Faransanci suna kukan cewa a lardinsu ma manyan ayyuka suna hannun masu Turanci, kuma a ofisoshin tarayya ba a damu da harshensu ba. A 1963 wata ƙungiya mai suna FLQ ta fara dasa bama-bamai a Montreal.

Pearson bai iya Faransanci sosai ba, amma ya gane cewa 'yan sanda kaɗai ba za su kashe wannan wuta ba. A 1963 ya naɗa hukumar bincike kan harsuna biyu da al'adu biyu, ƙarƙashin André Laurendeau da Davidson Dunton. Ya bar Kebek ta tafiyar da nata tsarin fansho daban da na tarayya. Ya kuma dage sai an sauya tutar ƙasa mai ɗauke da alamar Ingila, wadda masu Faransanci ba sa kallonta a matsayin tasu. An shafe watanni ana tafka muhawara, amma ranar 15 ga Fabrairu, 1965, aka ɗaga sabuwar tuta mai jan ganye a tsakiya. A wannan shekara ya jawo 'yan Kebek uku cikin jam'iyyarsa: Jean Marchand da Gérard Pelletier da Pierre Trudeau.

Sassaucinsa yana da iyaka. A Yulin 1967 shugaban Faransa Charles de Gaulle ya yi jawabi a Montreal yana zuga masu neman ɓallewa. Pearson ya fito fili ya ce ba za a lamunta ba, de Gaulle kuwa ya koma gida bai taka Ottawa ba. Masu suka sun ce yawan lallashin da ya yi wa Kebek ya ƙara wa 'yan a-ware ƙarfin guiwa, ga shi kuwa a 1968 René Lévesque ya kafa jam'iyyar neman 'yancin Kebek.

Ya kamata mai karatu ya san cewa Pearson ya zo Legas a Janairun 1966 don taron ƙasashe rainon Ingila kan Rodeshiya, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi baƙuncinsa kwanaki kaɗan kafin juyin mulkin 15 ga Janairu.

Rasuwarsa

Ya sauka a Afrilun 1968, Trudeau ya gaje shi, kuma a 1969 aka yi dokar da ta daidaita Turanci da Faransanci a ayyukan gwamnatin tarayya, bisa shawarwarin hukumar da Pearson ya naɗa. Ya rasu a Ottawa ranar 27 ga Disamba, 1972, aka binne shi a Wakefield cikin lardin Kebek.

Kammalawa

Pearson bai kashe maganar ɓallewa ba, domin an yi ƙuri'ar raba gardama a Kebek a 1980 da 1995, kuma a ta biyun da ƙyar masu son zama cikin Kanada suka yi nasara da ɗan abin da ya haura kashi 50 cikin ɗari. Abin da ya bari shi ne hanyar da aka bi: mutanen da suke ganin an raina harshensu, ya ba harshen nasu gurbi a gwamnatin tarayya, ya kuma bar ƙofar magana a buɗe, ko da yake kujerarsa tana hannun 'yan adawa.