Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Hajjin 1921

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865 a gidan Sulluɓawa, mahaifinsa shi ne Durɓi Giɗaɗo. Shi ma ya riƙe sarautar Durɓi, har zuwa 1906 da Turawa suka tuɓe Sarki Yero na Dallazawa suka ɗora shi a gadon Katsina. Ƙasarsa ta miƙe tun daga iyakar Faransanci a arewa har Malumfashi da Kafur da Funtuwa a kudu, inda ake noman dawa da auduga.

Zamanin sarautarsa ya dace da lokacin da duniyar Musulmi ta shiga wani hali. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda ke riƙe da Makka da Madina, ta bi bayan Jamus a Yaƙin Duniya na Farko. A 1916 Sharif Husaini na Makka ya yi mata tawaye da taimakon Ingila. Da yaƙi ya ƙare a 1918, waɗanda suka ci nasara suka zauna rabon ƙasa: Ingila ta ɗauki Iraƙi da Falasɗinu, Faransa ta ɗauki Sham, har sojojinta suka shiga Dimashƙa a 1920.

A cikin wannan hali ne Dikko ya ƙudura niyyar sauke farali. A wancan lokaci talakan Kafur da ya nufi Makka a ƙafa yake tafiya, ya ratsa Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago, wani ya shekara da shekaru, wani kuwa sai labari. Turawan mulki ba sa sakin jiki da wannan hanya, domin suna tsoron alhazai su komo da aƙidar Mahdiyanci. Tsoron nan ne ya sa a 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, daga baya suka kai shi Buwiya ta Kamaru.

Dikko dai ya sami izni a 1921. Ya shiga jirgin ruwa a Ikko zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, sa'an nan ya wuce Jidda, ya yi Hajji a ƙarƙashin mulkin Sharif Husaini. Shi ne sarki na farko a Arewa a zamanin mulkin Turawa da ya je Hajji yana bisa gado, ya komo ya tarar da sarautarsa.

Bai daɗe da komowa ba al'amura suka sāke. A watan Maris na 1924 Mustafa Kamal ya rushe halifanci a Turkiyya. A wannan shekara rundunar Abdul'aziz ɗan Sa'ud ta karɓe Makka, a 1925 Madina da Jidda suka bi, a 1932 aka kafa Masarautar Saudiyya. Dauloli sun faɗi, wasu sun tashi, Ɗakin Allah yana nan inda yake.

Abin lura ga masu karatu shi ne, Dikko bai jira duniya ta lafa ba kafin ya sauke rukuni na biyar. Ga tsufa ya fara kama shi, ga zargin masu mulki, ga mulki da zai bari a baya, amma ya tafi, sarakuna kuma suka bi sawunsa. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah ya jiƙansa, ya ba mai niyya ikon zuwa, amin.