URWATU ƊAN ZUBAIRU, MAI GODIYA CIKIN SAMU DA RASHI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya zauna gaban malami ana karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik a zaurukanmu, ya sha jin an ce daga Hishamu ɗan Urwatu, daga babansa, daga Nana A'isha. Sunan yana wucewa bisa harshen mai karatu, ba a tsayawa a kansa. Wannan baban Hishamu shi ne Urwatu ɗan Zubairu ɗan Awwamu, ɗaya daga cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina, kuma shi ne za mu ɗan waiwayi rayuwarsa, domin kaɗan ne aka jarraba da daɗi da ɗaci kamar yadda aka jarrabe shi.

An haife shi a Madina wajen shekara ta 23 bayan Hijira. Mahaifinsa Zubairu yana cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna, mahaifiyarsa ita ce Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar, ke nan Uwar Muminai A'isha (Allah ya ƙara mata yarda) innarsa ce. A ɗakinta ya yi karatunsa, yana shiga inda sauran almajirai ba su shiga sai daga bayan labule, yana tambaya tana ba shi amsa, har ya zamo cikin mafiya sanin hadisanta. Bai daɗe cikin inuwar uba ba. A shekara ta 36 aka kashe Zubairu a ranar yaƙin Raƙumi, lokacin Urwatu yana da kimanin shekara 13, kuma an ma mayar da shi gida daga hanyar wannan yaƙi saboda ƙuruciyarsa.

Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana ƴaƴan Zubairu suna zaune kusa da Ka'aba tare da wasu, sai kowa ya faɗi burinsa. Abdullahi ya yi fatan halifanci, Mus'abu ya yi fatan sarautar Iraƙi, shi kuwa Urwatu abin da ya roƙa shi ne mutane su ɗauki ilimi daga gare shi. Allah ya ba kowa abin da ya nema. Sai dai Mus'abu an kashe shi a Iraƙi, Abdullahi kuma rundunar Hajjaju ta kashe shi a Makka a shekara ta 73, kwanaki kaɗan bayan haka tsohuwarsu Asma'u ta cika. Urwatu bai ɗauki takobi don neman fansa ba. Ya tafi wurin halifa Abdulmalik ɗan Marwanu, sa'annan ya koma Madina ya ci gaba da karantarwa. Daga baya ma wannan halifa yakan aiko masa da tambayoyi kan tarihin Manzon Allah (SAW), yana rubuta masa amsa, kuma waɗannan wasiƙu suna cikin rubuce-rubuce na farko da suka iso gare mu kan sira.

Kafin mu zo ga babbar jarrabawarsa, ya kamata mu ga yadda yake lokacin wadata, domin a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Urwatu mai dukiya ne. Yana da garka ta dabino a kwarin Aƙiƙu, bayan garin Madina, da gida, da rijiya wadda ta yi suna saboda daɗin ruwanta, ana kiranta da sunansa, matafiya suna yin guzuri da ruwanta. Idan dabino ya nuna, sai ya sa a ɓare wani sashe na katangar garkar, jama'a su shiga su ci su ɗebi na kai wa iyali, sai an gama kaka a sake gina wurin. Duk lokacin da ya shiga garkar kuwa, yakan yi ta maimaita ayar nan ta Suratul Kahfi wadda ke koya wa mai gona ya jingina ni'imar ga nufin Allah da ƙarfinsa, har ya fito. Mu da muke ƙara wa shingen garkunanmu ƙaya idan amfani ya nuna, sai mu dubi kanmu. Malamai sun ce godiya tana da gida uku, zuciya da harshe da gaɓoɓi, kuma ta gaɓoɓi ita ce a yi aiki da ni'ima cikin abin da Mai bayarwa yake so. Lafiyar jikinsa ma haka ya bi da ita. Kullum yana karanta rubu'in Alƙur'ani cikin mus'hafi da rana, dare kuma ya tsaya da shi cikin salla, yana yawaita azumi. Sa'ad da Umaru ɗan Abdul'azizu ya zama gwamnan Madina a shekara ta 87, ya kira malamai goma don su zamo masu ba shi shawara, Urwatu yana cikinsu.

A zamanin halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya hau mulki a shekara ta 86, Urwatu ya kama hanyar Sham don ziyartar halifa, tare da ɗansa Muhammadu, saurayi kyakkyawa wanda yake ƙauna ƙwarai. A kan hanya wani ƙurji ya fito masa a ƙafa. Abu kamar wasa, ciwo ya yi ta ci yana hawa, kafin su isa Dimashƙa ƙafar ta fara ruɓewa. Halifa ya tara masu magani, suka duba, suka haɗu a kan cewa in ba a yanke ta ba cutar za ta game jiki ta kashe shi. Ya yarda. Suka kawo masa abin sha mai gusar da hankali don kada ya ji zafi, ya ƙi, yana ganin bai dace ya sha abin da zai raba shi da ambaton Ubangijinsa ba a daidai lokacin da ya fi bukatar ambaton. Aka so a kawo ƙarafa su danne shi, ya nuna babu bukata. Aka yanka nama da wuƙa, aka sa zarto ga ƙashi, shi kuwa yana ta kabbara da hailala. Da aka tsoma dungun cikin tafasasshen mai don tsayar da jini, sai ya suma. An ce wannan dare kaɗai ne ya bar wuridinsa na Alƙur'ani, washegari da dare ya koma masa.

Kada wani ya fahimci cewa shan maganin barci wajen aikin likita laifi ne. Shari'a ta halatta shi ga mai lalura, kuma wanda aka kai likita yau ya karɓi abin da aka ba shi. Abin da Urwatu ya yi zaɓi ne na kansa, gwargwadon ƙarfin da Allah ya ba shi.

Da ya farfaɗo ya ce a kawo masa ƙafar. Ya juya ta a hannunsa, ya shaida wa Allah cewa bai taɓa takawa da ita zuwa saɓo da saninsa ba. Wane ne cikinmu zai iya riƙe ƙafarsa ya yi irin wannan shaida?

Cikin wannan tafiya dai, Muhammadu ya shiga bargar dawakin halifa don kallo, wata dabba ta harbe shi, ya mutu nan take. Dattijo ya fito gida da ƙafa biyu da ɗa, zai koma da ƙafa ɗaya, ɗan kuma yana ƙarƙashin ƙasar Sham. A kwanakin nan wani tsoho makaho daga ƙabilar Banu Absin ya zo fadar Walidu, ya ba da labarinsa, cewa babu wanda ya fi shi dukiya a danginsa, sai ambaliya ta zo da dare ta kwashe iyalinsa da dabbobinsa, ba ta bar masa ba sai jariri ɗaya da raƙumi ɗaya. Raƙumin ya gudu, ya ajiye jaririn ya bi shi, kerkeci ya cinye yaron, raƙumin kuma ya harbe shi a fuska ya makance. Halifa ya ce a kai shi wurin Urwatu, don ya san akwai wanda musibarsa ta fi tasa girma.

A hanyar komawa ba a ji kuka ko ƙorafi daga bakinsa ba, sai dai ya karanta ayar da Annabi Musa ya ambaci gajiyar tafiyarsa, kuma a nan muke gane cewa ciwon ya taɓa shi kamar kowane ɗan Adam. Da ya isa Madina mutane suka cika gidansa don ta'aziyya. Abin da aka ji daga gare shi lissafi ne da ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, cewa an ba shi ƴaƴa bakwai aka karɓi ɗaya aka bar masa shida, an ba shi gaɓoɓi huɗu aka karɓi ɗaya aka bar masa uku, kuma in an jarrabe shi yau, an daɗe ana ba shi lafiya. Ya gode wa Allah a kan wannan. Ni a ganina, da bai saba ƙirga ni'ima a bakin katangar garkarsa shekara da shekaru ba, da ƙirgar ba ta zo masa ranar da ya ga dungun ƙafarsa ba. Galibinmu in rumbu ya cika muna cewa ƙoƙarinmu ne, in fara ta faɗa wa gona ko ruwa ya ɗauke sai mu tuna da ƙaddara, mu kuma tuna da ita cikin gunaguni.

Ya ci gaba da zama yana karantarwa da ƙafa ɗaya. Cikin waɗanda suka ɗauki ilimi gare shi akwai ɗansa Hishamu da Ibnu Shihabin Zuhuri, dukansu malaman Imamu Malik ne. Hadisin fara saukar wahayi da ke farkon Sahihul Buhari ta hanyarsa ya zo, daga innarsa A'isha. Ya rasu a wata gonarsa da ke yankin Furu'u, kusa da Madina, a shekara ta 94, wadda ake kira shekarar malaman fiƙihu saboda yawan waɗanda suka rasu cikinta. Ranar yana azumi, iyalinsa suka roƙe shi ya sha ruwa, ya ƙi, ya cika da azuminsa a baki. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama, amin.