Sardauna da gonar Samaru

An haifi Sa Ahmadu Bello a Raba a 1910. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Sakkwato, ya riƙe hakimcin Raba, sannan ya zama Firimiyan Arewa a 1954.

Siyasarsa aka fi tunawa, ba a cika zancen noma ba. Da aka buɗe jami'ar Zariya a 1962, gwamnatinsa ta miƙa mata tashar binciken noma ta Samaru, wadda Turawa suka kafa a 1922. A 1963 aka ƙara sashen kai wa manoma sakamakon binciken. Daga nan masarar SAMMAZ da waken SAMPEA suka fito, irin da manomin Kwarbai ke nema in damina ta gabato.

Sojoji suka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966.