Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) da Horon da Ya Samu a Fagen Ƙaga Labari

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da ya kai matakin kwalejin ilimi bai taɓa karanta Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ba. Saboda shaharar littattafan nan biyu, mutane da yawa sun ɗauka cewa mawallafinsu baiwa ce kawai Allah ya yi masa, ya ɗauki alƙalami ya zuba. Baiwar kam akwai ta, babu mai musu. Sai dai tarihin Alhaji Abubakar Imam ya nuna cewa an zaunar da shi an koya masa aikin, an duba rubutunsa shafi bayan shafi, an ce masa cire wannan, gyara wancan. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi ya fi dacewa mai koyon aikin malanta ya tsaya a kansa, domin gobe shi ma za a danƙa masa yara a ce ya koya musu insha'i.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja, a shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, asalin zuriyarsu kuwa daga ƙasar Barno take. A gaban mahaifin nasa ya fara karatun Alƙur'ani da Larabci. A 1922 aka kai shi Katsina wurin wansa, Malam Bello Kagara, aka sa shi makarantar boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a Makarantar Midil ta Katsina.

Ke nan kafin ya cika shekara 22 yana da harsuna uku a hannu. Hausa ita ce ta gida da kasuwa da hira, Larabci ya buɗe masa littattafan zaure, Ingilishi kuma ya kai shi ga littattafan hikayoyin Turawa da ke makaranta. Wansa Bello yana koyarwa a kwalejin, kuma a daidai wannan lokaci wani ɗalibi daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana aji ɗaya a bayan Imam. Su ukun nan duk za su sake haɗuwa a gasa guda.

Gasar 1933

Gwamnatin Turawa ta kafa Hukumar Fassara a 1929 don samar wa makarantu littattafan karatu da Hausar boko. Daga baya aikinta ya koma ƙarƙashin Dokta Rupert East a Zariya, aka kuma sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi a 1933, saboda an gane cewa fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba. Wanda ya koyi haɗa baƙi yana buƙatar abin da zai karanta don jin daɗi, ba lissafi da kiwon lafiya kullum ba.

Saboda haka East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana ganawa da malamai da 'yan boko, yana roƙonsu su ƙaga labarai masu ɗan tsawo su aiko. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A maƙalar da ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana cewa malaman da ya tarar sun saba da rubutu a matsayin abin addini da tarihi da wa'azi, kuma mafi yawa cikin waƙa. Tatsuniya kuwa a wurinsu aikin tsofaffin mata ne da yara da dare, ba abin da mai rawani zai ɓata tawada a kansa ba. Kalmar ƙage ita kanta ba ta da nisa da ƙarya a kunnen Bahaushe. Abin da ya fara yi, ke nan, shi ne shawo kan mutane su yarda cewa mutumin kirki yana iya zama ya ƙirƙiri abin da bai faru ba, mutuncinsa bai zube ba.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi, sannan John Tafida da shi East suka haɗa hannu suka rubuta Jiki Magayi. Daga waɗannan ne manazarta suke fara ƙirga tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne da ya bar gida neman wani ruwan magani, da yadda yake ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowa yana rama abin da ɗan'uwansa ya yi masa. Imam da kansa ya faɗi cewa ya sami hasken wannan tsari daga Maƙamatul Hariri, littafin da almajiran ilimi suke karantawa a zaure. Aikin saurayi ne, kuma da alamar hakan a jikinsa: labaran suna bin juna kamar ƙwaryar tasbaha, ana iya cire ɗaya ba tare da sauran sun girgiza ba. Amma Hausar da ke ciki da ban dariyar da ke ciki sun isa su nuna wa East cewa ya sami wanda yake nema.

Wata Shida a Zariya

A 1936 East ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. Aka amince, ya zo Zariya ya yi wata shida ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu. East ya tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe daban-daban: Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara, da wasu na Indiya da Farisa. Imam ya karanta ya zaɓa ya rubuta, East ya duba, su zauna su tattauna, a koma a sake. Ba aji ba ne mai allo da kujeru, malami ɗaya ne da ɗalibi ɗaya da takarda a tsakaninsu, amma duk abin da ake nema a ajin koyon ƙaga labari yana nan: karatu mai yawa kafin rubutu, lokaci da aka keɓe, mai karatu na farko wanda ba ya jin nauyin faɗin gaskiya, da kuma sake rubutu.

A tarihin rayuwarsa Imam ya ambaci wasu daga cikin darussan da ya ɗauka a wannan zama. Biyu sun fi fitowa fili. Na farko ya shafi jigo: kada marubuci ya bar mugu ko macuci ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari, ko da kuwa shi ne mai ƙarfi a farko. Na biyu ya shafi harshe, kuma shi ya fi nauyi. Idan mutum ya ga magana mai daɗi a Larabci ko Ingilishi, kada ya zama bawan kalmominta. Ya fahimci abin da mai maganar yake nufi, sannan ya nuna gwanintarsa a harshensa kamar yadda wancan ya nuna a nasa.

Wanda ya karanta Magana Jari Ce zai ga darasi na biyu yana aiki a kowane shafi. Tsohon labarin Jamus na mai busar da ya raba wani gari da ɓeraye aka hana shi ladansa, shi ne ya zama Labarin Sarkin Busa. Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila ya taso. Shi kansa akun da yake tsare ɗan sarki da hira dare bayan dare don kada ya fita, akwai irinsa a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Amma yaron da ya karanta littafin a Gusau ko Azare bai taɓa jin baƙon abu ba, domin fadar ta Hausa ce, da waziri da dogarai da kirari, kasuwar ta Hausa ce, zagin da barkwancin duk na gida ne. An buga littafin kashi uku tsakanin 1937 da 1939, yana ɗauke da labarai sama da 80.

Akwai wani abu a littafi na uku da ya kamata malamin gobe ya lura da shi. A nan Aku, wanda ya riga ya zama waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar ba da labari: ya ba shi misali, ya gwada shi, ya yi masa gyara in ya kauce. Wato mutumin da aka gama horarwa ya juya ya mayar da horon kansa labari. Ko da niyya ya yi ko ba da niyya ba, wannan kashi shi ne ajin koyon ƙaga labari na farko da aka siffanta a rubutun zube na Hausa.

Horon nan bai rasa masu suka ba, kuma sukar tana da tushe. Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi diddigin labaran sun nuna inda aka samo da yawa daga cikinsu, har aka yi ta muhawara a kan ko Imam maƙagi ne ko gwanin baddalawa. Wannan muhawara ba ta rage masa daraja ba, don baddalawa irin tasa ba kowa ke iyawa ba. Abin da ya fi cancantar tambaya shi ne darasi na farko. Dokar da ta ce dole mugu ya faɗi ta dace da littafin makaranta, ta kuma dace da gwamnatin da ba ta son a tayar da ƙura. Amma ta sa ƙagaggen labarin Hausa ya daɗe yana zagaya fadar sarakunan da ba su da suna a ƙasashen gabas, bai juyo ya dubi haraji da aikin tilas da zaman Bature a gari ba. Malami ɗaya tilo, komai ƙwarewarsa, yana ba ɗalibi idonsa ne tare da makantarsa.

Duk da haka, a dubi abin da ya sami sauran. Tafawa Ɓalewa bai sake rubuta ƙagaggen labari ba, siyasa ta ɗauke shi har ya zama Firayim Minista. Ba a san Muhammadu Gwarzo da wani littafin labari bayan Idon Matambayi ba. Bello Kagara ya koma ga tarihi da shari'a. Gasa ta tono su gaba ɗaya, amma mutum ɗaya ne aka ba wata shida da mai duba masa aiki, kuma shi ne ya fito da littafin da har yau ake auna Hausar marubuta da shi.

Aikin Jarida da Hidimar Jama'a

Imam ya koma aji a Katsina, amma bai daɗe ba aka sake kiransa Zariya. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya kuma riƙe ta kimanin shekara 12. A nan ɗalibin jiya ya zama mai gyara wa wasu. Wasiƙu suna zuwa daga ko'ina a Arewa, har da na sojojin da ke bakin daga a Yaƙin Duniya na Biyu, shi da abokan aikinsa irin su Malam Nuhu Bamalli suna tacewa suna daidaita rubutu. Yawancin abin da ake kira daidaitacciyar Hausa a rubuce a teburin nan ya zauna da gindinsa.

A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya bayyana masa damuwar 'yan bokon Arewa game da yadda ake gudanar da mulkin En'e. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilimi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma yi wakilci a majalisa a Kaduna da Ikko a farkon shekarun 1950. Ya yi aiki da hukumar NORLA, wadda aka kafa don samar da littattafai ga masu yaƙi da jahilci, sannan daga 1955 ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a Kaduna. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Bai ajiye alƙalami ba a duk tsawon wannan lokaci. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka yi tare da East, da littattafai a kan tarihin Annabi da na halifofi da aikin hajji. Sai dai duk na ilmantarwa ne. Bayan Magana Jari Ce bai sake zama ya ƙaga wani dogon labari ba, ga shi kuwa lokacin da ya gama shi bai kai shekara 30 ba. Hukumar da ta keɓe masa wata shida ita ce kuma ta ga ya fi mata amfani a jarida, daga jarida sai majalisa, daga majalisa sai ofis.

East ya bar Nijeriya a farkon shekarun 1950, ya mutu a Ingila a 1975. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, surukinsa Alhaji Abdurrahman Mora ne ya tsara shi, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1989, kuma a cikinsa ne aka sami bayanin abin da ya gudana tsakaninsa da malaminsa a 1936.