Ned Haig, mahaucin da ya ƙirƙiro rugby na mutum bakwai

An haifi Ned Haig a garin Jedburgh na ƙasar Scotland a 1858. Yana saurayi ya koma Melrose, ya kama sana'ar fawa, yana kuma buga wa kulob ɗin rugby na garin wasa, inda ba a biyan kowa ko sisi.

A 1883 kulob ɗin ya shiga matsin kuɗi. Aka ce a shirya gasa ta yini ɗaya a tara kuɗin ƙofa, amma ina! Wasan mutum 15-15 dogo ne, yini ba zai isa ba. Haig ya kawo shawarar a rage 'yan wasa zuwa bakwai-bakwai, kowane wasa minti 15 kacal. Ranar 28 ga Afrilu aka kara a filin Greenyards. Melrose ta doke maƙwabciyarta Gala a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofin da matan garin suka bayar.

Haig ya mutu a 1939. Dabarar tasa ta shiga gasar Olympics a 2016, Fiji ta lashe zinaren maza. Kofin duniya na wasan kuwa sunan Melrose aka sa masa, ko da yake a ganina sunan mahaucin ya fi dacewa.