Tarihin Alfred Hitchcock, Gwanin Tsoratarwa A Silima

A cikin Turawan da su ka yi suna wajen shirya wasan silima, kaɗan ne su ka kai Alfred Hitchcock. Ya shekara hamsin da 'yan kai yana wannan sana'a, ya shirya manyan wasanni 53, kuma yawancinsu na kisan kai ne da zargi da zullumi. Mun ga ya kyautu mu ba masu karatu tarihinsa sabo da abu biyu. Na farko, da aikin akawu ya fara neman abinci, kamar da yawa daga cikinku. Na biyu kuwa, wasansa da ya fi shahara, watau Psycho na 1960, daga wani littafin hira ya ɗauko shi, kuma yadda ya juya littafin ya zama hoto abin nazari ne ga duk wanda ya ke sha'awar labari da yadda a ke ba da shi.

An haife shi ran 13 ga Agusta, 1899, a Leytonstone, gabas da birnin Landan. Ubansa, William, ɗan tireda ne mai sayar da kayan lambu da kaji, shi kuwa Alfred shi ne auta cikin 'ya'ya uku. Iyayensa 'yan ɗariƙar Katolika ne masu tsanani wajen tarbiyya. Akwai wani labari da shi da kansa ya yi ta bayarwa har ya tsufa: wai sa'ad da ya ke ɗan shekara biyar ko kusa da haka, ya yi wani ɗan laifi, sai uban ya ba shi takarda ya aike shi ofishin 'yan sanda. Da ɗan sandan ya karanta, sai ya kulle shi a ɗakin tsare masu laifi na 'yan mintoci kaɗan, sa'an nan ya sake shi. Tun daga ran nan, ta bakinsa, tsoron 'yan sanda bai bar shi ba. Duk wanda ya kalli wasanninsa kuwa zai ga mutumin da a ka kama bisa laifin da bai yi ba yana ta dawowa cikinsu.

An sa shi a makarantar St Ignatius ta fada-fadan Katolika. A can, in yaro ya yi laifi ba a dukansa nan take, sai a rubuta sunansa, ya wuni yana jiran lokacin da zai je ya miƙa hannu. Malaman makaranta sun san cewa jiran bulala ya fi bulalar ciwo. Wannan ɗan darasi shi ne jarin da yaron ya ci abinci da shi muddin ransa.

A ƙarshen 1914 uban ya rasu, Alfred yana da shekara 15. A lokacin ya kama aiki a kamfanin Henley, masu yin wayoyin lantarki da na tangarahu, a kan sule 15 a mako. Aikinsa lissafin kaurin waya da ƙarfin wutar da za ta ɗauka. Da dare kuwa yana zuwa koyon zane. Da manyansa su ka ga hannunsa na da kyau, sai su ka mai da shi sashen talla. Wajen 1920 wani kamfanin silima na Amurka ya buɗe ma'aikata a Islington, cikin Landan. A zamanin nan hotunan silima ba su magana, sai a rubuta abin da 'yan wasa su ka faɗa a kan kati a nuna tsakanin hoto da hoto. Hitchcock ya zana irin waɗannan katuna ya kai musu, su ka ɗauke shi. Cikin 'yan shekaru ya koyi rubuta labari, da tsara ɗakunan da a ke wasa a ciki, da yanka fim a haɗa. A 1924 aiki ya kai shi Jamus, inda ya ga yadda gwanayen ƙasar su ke ba da labari da haske da inuwa, ba tare da sun dogara ga rubutu ba.

Wasansa na fari da ya kammala shi ne The Pleasure Garden, a 1925. Amma wanda ya fito da sunansa shi ne The Lodger na 1927, labarin wani baƙo ɗan haya wanda masu gida su ke zargin shi ne ke kashe mata a titunan Landan. Shi ma daga littafi ya fito. A watan Disamba na 1926 ya auri Alma Reville, wadda ta riga shi shiga sana'ar, gwana ce wajen yanka fim da gyaran labari, kuma kwana ɗaya tak ya ba ta a duniya. Sun haifi 'ya ɗaya, Patricia, a 1928. Har ƙarshen aikinsa ba ya yanke shawara a kan labari sai Alma ta duba. A 1929 ya yi Blackmail, wanda ya ke cikin wasannin Ingila na farko masu magana, a 1935 ya yi The 39 Steps, a 1938 kuma The Lady Vanishes. A 1939 ya yi ƙaura zuwa Amurka. Wasansa na farko a can, Rebecca na 1940, daga littafin wata marubuciyar Ingila ce mai suna Daphne du Maurier, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta wasan da ya fi kyau a shekarar.

Hanyar aikinsa ta akawu ce sosai. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, sai ya zauna da marubuci da mai zane makonni, a tsara kowane ɓangare a takarda: inda na'urar ɗaukan hoto za ta tsaya, abin da za ta gani, da abin da za a ɓoye mata. Yakan zo wurin aiki cikin baƙar kwat da laktaye, kamar mai zuwa ofis. Ra'ayinsa game da tsoro kuwa ya bayyana shi da misali. In mutum biyu suna hira, bam ya fashe ƙarƙashin teburinsu ba zato, 'yan kallo za su firgita na ɗan lokaci kaɗan. Amma in an nuna musu bam ɗin tun da fari, da lokacin da zai tashi, to, duk maganar banza da mutanen nan biyu za su yi za ta zama musu azaba, domin sun san abin da ke tafe, ba su kuwa da ikon gargaɗi.

A 1959, yana da shekara 60, ya kai ƙololuwar suna. Ya riga ya yi Rear Window da Vertigo da North by Northwest, masu launi da tsada, yana kuma da shiri a talabijin tun 1955. A shekarar nan wani marubucin Amurka, Robert Bloch, ya buga littafin Psycho. Bloch yana zaune a jihar Wisconsin, ba nisa da ƙauyen Plainfield, inda a 1957 a ka kama wani mutum mai suna Ed Gein, wanda ya kashe mata biyu, ya kuma haƙa kaburbura. Abin da ya dami Bloch shi ne yadda irin wannan mutum zai zauna cikin ƙaramin gari shekara da shekaru maƙwabta ba su gane ba. Hitchcock ya sayi izinin littafin a kan dala wajen 9,000, ba tare da an gaya wa marubucin ko wane ne mai saye ba.

Kamfanin Paramount, wanda ya ke wa aiki, ya ƙi zuba kuɗi, domin manyansa sun ga labarin ya cika ƙazanta. Sai ya ce zai biya daga aljihunsa, su kuwa su rarraba kurum. Ya yafe ladansa na dala 250,000, ya karɓi kashi 60 cikin 100 na mallakar wasan a madadinsa. Domin rage kashe kuɗi ya ɗauki hoton baƙi da fari, ya yi aiki da ma'aikatansa na talabijin, ya gama a kan dala wajen 800,000. Da abin ya faɗi, da dukiyarsa da sunan da ya shekara 35 yana ginawa duk sun taɓu.

Ga labarin a taƙaice. Wata akawu mai suna Marion Crane tana aiki a ofishin dillalin gidaje a garin Phoenix. Ran wata Jumma'a maigidanta ya ba ta dala 40,000 ta kai banki, sai ta gudu da su, domin saurayinta bashi ya hana shi aurenta. Ruwan sama ya tare ta da dare, ta sauka a wani masauƙin matafiya da ba kowa, sabo da an karkatar da babbar hanya daga wurin. Mai kula da shi wani saurayi ne mai kunya, Norman Bates, wanda ke zaune da tsohuwar uwarsa a wani gida bisa tudu. Bayan sun yi hira, Marion ta yi nadama, ta ƙudura za ta mai da kuɗin. Ta shiga wanka, sai wata mai kama da tsohuwa ta shigo da wuƙa ta kashe ta. Norman ya share jinin, ya sa gawar a mota, ya tura cikin taɓo, kuɗin na ciki bai ma sani ba. Daga baya a ka gano cewa uwar ta shekara goma da mutuwa. Norman ne ya kashe ta da farkanta don kishi, ya sace gawar ya ajiye, laifin kuwa ya raba hankalinsa biyu, har ya zama yana sa tufafinta, yana magana da muryarta, yana kisa da sunanta.

A nan ne ya kamata mu dubi abin da a ka canja daga littafin, shi da marubucin wasan, Joseph Stefano. A littafi, da Norman a ka fara, kuma mutum ne ɗan shekara 40, mai ƙiba, mashayi, wanda mai karatu zai ƙyamace shi tun a shafin farko. A silima sai a ka ba Anthony Perkins, saurayi siriri mai ban tausayi. Sa'an nan a ka fara da Marion, wadda shahararriyar 'yar wasa Janet Leigh ta fito a matsayinta, a ka bar 'yan kallo suna binta fiye da minti 40, suna fargabar kada a kama ta, kamar su ne su ka ci amanar. Ba wanda ya yi zaton za a kashe babbar 'yar wasa tun ba a kai rabi ba. Da ta mutu, ba sauran wanda mai kallo zai bi sai Norman, har ya tarar da kansa yana fatan motar ta nutse kada asiri ya tonu. Wannan shi ne tsoron da a ke cewa na ƙwaƙwalwa: ba dodo, ba fatalwa, sai ɗan Adam mai fara'a, da zuciyar mai kallo da a ka juya ta goyi bayan mai kisa.

Wurin kisan a ɗakin wanka bai wuce daƙiƙa 45 ba, amma an yi mako guda ana ɗaukansa a watan Disamba na 1959. An kafa na'ura a wurare 78, an yanka hoton sau 52. Kusan ba a ga wuƙa ta shiga jiki ba. Jinin ruwan cakulan ne, ƙarar sukar kuwa wata irin kankana ce a ka daddaɓa wa wuƙa. Mai kiɗan, Bernard Herrmann, goge na Turawa kaɗai ya sa, ya kuma sa su yi ƙara kamar kururuwa. Sauran duka hankalin mai kallo ne ya cika, shi ya sa mutane da yawa su ka fita suna rantsuwa sun ga abin da ba a nuna ba.

An fara nuna shi a Niyok a watan Yuni na 1960. Hitchcock ya kafa sharaɗi cewa ba a barin kowa ya shiga bayan an fara, alhali a da mutane kan shiga silima duk lokacin da su ka ga dama. Ya hana 'yan jarida kallo kafin jama'a. Da yawa cikinsu su ka kushe shi, amma jama'a su ka yi ta jerin gwano a ƙofa, har ya zama wasan da ya fi kawo masa riba. A 1992 ɗakin littattafan Majalisar Amurka ya sa shi cikin wasannin da ƙasar ta ke adanawa.

Bayansa ya yi The Birds a 1963 da Marnie a 1964. Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa 'yar wasan da ta fito a cikinsu, Tippi Hedren, ta bayyana daga baya, har cikin littafinta na 2016, cewa ya takura mata, ya neme ta ta ƙi, sa'an nan ya yi amfani da yarjejeniyar aiki ya tauye mata sana'a. Masu rubuta tarihinsa ba su tsallake wannan zance yanzu, mu ma ba za mu tsallake ba. Ikon da ya ke da shi a kan 'yan kallo abin yabo ne, amma wanda ya gwada a kan na ƙasa da shi abin zargi ne.

Sau biyar ana sa sunansa cikin takarar Oscar ta gwanin shirya wasa, bai taɓa ci ba. Wasansa na ƙarshe, Family Plot, ya fito a 1976. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir cikin jerin sabuwar shekara ta 1980. Ran 29 ga Afrilu na shekarar ya mutu a gidansa a Los Angeles da ciwon ƙoda, yana da shekara 80. Alma ta bi shi a 1982.

Muna ba malaman makaranta shawara, in sun sami littafin Bloch da wasan Hitchcock, su gwada su gefe da gefe tare da manyan almajiransu, su tambaye su dalilin kowane canji: me ya sa a ka fara da mace, me ya sa a ka mai da Norman saurayi, me ya sa a ka ɓoye wuƙar. Akawuna kuwa, musamman na baitulmali, za su lura cewa duk masifar nan ta taso ne daga kuɗin amana da a ka ce a kai banki ran Jumma'a ba a kai ba.